Jumanji na 2017: 'Yan Wasa Sun Yi Ƙoƙari, Dajin Kuwa Fanko Ne

Shekaru sun shuɗe tun fitowar fim ɗin Jumanji: Welcome to the Jungle a watan Disamba na 2017, amma har yau yana yawo a wayoyin samari da 'yan mata a nan Bauchi, kuma idan mutum ya tsaya a shagon masu tura fina-finai ya nemi fim ɗin Amurka mai ban dariya wanda babu zubar da jini da yawa a cikinsa, da wuya a gama jero masa sunaye ba a ambaci wannan ba. Na sake kallonsa kwanan nan domin in gano dalilin wannan farin jini, kuma ra'ayin da na fito da shi shi ne cewa 'yan wasa huɗu ne suka rufa wa fim ɗin asiri. Duk lokacin da kyamara ta tsaya a kan fuskokinsu fim ɗin yana da rai, amma da zarar ta juya ga mugun da ke cikin labarin, ko ga dajin, ko ga ita kanta tafiyar da aka ce dominta aka fito, sai mai kallo ya tarar babu wani abin kirki a wurin.

Sunan Jumanji ya samo asali ne daga wani littafin yara mai hotuna da Chris Van Allsburg ya wallafa a 1981, wanda aka mayar fim a 1995 ƙarƙashin umarnin Joe Johnston, tare da Robin Williams a matsayin babban jarumi. A wancan fim na farko wasan allo ne irin na lido, kuma duk jifan da aka yi sai wata masifa ta fito daga daji ta shigo gari, ko zaki, ko birai, ko garken manyan dabbobi masu rushe gidaje. Williams ya rasu a watan Agusta na 2014, saboda haka da kamfanin Sony ya bayyana niyyar farfaɗo da labarin, masoyan tsohon fim da yawa ba su yi maraba ba. Dabarar da darakta Jake Kasdan da marubuta huɗu suka yi ita ce juya al'amarin gaba ɗaya, wato a wannan karon mutane ne za su faɗa cikin dajin, kuma wasan allon zai rikiɗe ya zama wasan bidiyo. Dabarar ta ci kasuwa, domin fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 90 ya samo fiye da dala miliyan 900 a gidajen sinima na duniya.

Labarin ba shi da wuyar riƙewa. Ɗalibai huɗu na wata makarantar sakandare sun yi laifi, shugaban makaranta ya ba su horon gyara wani tsohon ɗakin ajiya. Spencer yaro ne mai ƙwazo amma matsoraci, an kama shi yana rubuta wa Fridge aikin gida. Shi Fridge dogo ne ƙaƙƙarfa, ɗan ƙwallon Amurka, abokin Spencer na yarinta wanda ya daina kula shi. Bethany kyakkyawa ce da ba ta rabuwa da wayarta, Martha kuma mai karatu ce mai kunya wadda ta gaya wa malamar motsa jiki magana. A ɗakin suka tsinci tsohuwar na'urar wasa, kowa ya zaɓi sunan da zai buga da shi, na'urar ta zuƙe su zuwa cikin daji, kowannensu ya farka a jikin wanda ya zaɓa. Sharaɗin fita shi ne su mayar da wani koren dutse mai daraja cikin idon wani ƙaton mutum-mutumin jagwa, wata dabba dangin damisa, su kuma kira sunan wasan da ƙarfi, kafin rayuka uku da kowa ke da su su ƙare.

A wannan musayar jiki ne duk armashin fim ɗin yake. Matsoracin nan Spencer ya tsinci kansa a jikin Dwayne Johnson, tsohon ɗan kokawar da matasanmu suka fi sani da The Rock. Fridge mai alfahari da tsawo ya koma Kevin Hart, gajeren mutum mai ɗauke da jaka. Martha ta zama Karen Gillan, jaruma mai tsalle da naushi. Bethany kuwa, da ta ga sunan Shelly ta ɗauka mace ce, sai ta faɗo a jikin Jack Black, farfesa mai ƙiba da gemu wanda ya doshi shekara hamsin. Abin da ya sa wannan ya fi barkwancin da aka saba shi ne cewa dariyar ba ta dogara ga faɗuwa ko zamewa ba. Tana fitowa ne daga saɓanin da ke tsakanin zuciyar mutum da jikin da yake ciki, kuma wannan saɓanin yana nan a kowace fitowa, ko ana gudu ko ana zaune, saboda haka marubuta ba sa buƙatar tsayar da labari domin su saka abin dariya.

Jack Black ne gwarzon fim ɗin, kuma ina ganin ya kamata a tsaya a dubi yadda ya yi aikinsa. Hanya mafi sauƙi ga namiji mai kwaikwayon mace ita ce ya siranta murya, ya riƙa yanga da karairaya har abin ya zama izgili ga mata, kuma mun sha ganin haka a wasannin barkwanci na gida da na waje. Black bai bi wannan hanyar ba. Ya nemi halin yarinyar ne, wato yadda take kallon mutum daga sama har ƙasa, yadda take jan ƙarshen magana idan tana ƙorafi, yadda rashin waya ya fi damunta a farko fiye da dabbobin da ke neman ranta. Bayan ɗan lokaci mai kallo yakan manta da gemu da tumbi, ya riƙa ganin Bethany kawai. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ya bar yarinyar ta girma a idonmu ba tare da ta daina zama ita ba. Akwai wurin da ita da Martha suka zauna suka faɗa wa juna gaskiya, ɗaya ta ce wa ɗaya tana da son kai, ɗayar ta mayar da cewa ke kuma kina yanke wa mutane hukunci tun kafin su san ki, domin kada su riga ki. Wannan hirar ta 'yan mintoci ta fi duk wani faɗa da aka yi a fim ɗin tsayawa a rai.

Johnson shi ma ya ba da mamaki, domin ya yarda a yi dariya da abin da ya gina sunansa a kai. Ƙaton mutum ne da damatsansa suka cika allo, amma kurege yana firgita shi, kuma idan ya ga haɗari sai ka ga idanun yaron nan Spencer suna neman hanyar gudu. Yadda yake duban hannayensa cikin mamaki, da yadda yake lallashin kansa kada ya yi kuka, duk sun nuna ɗan wasan da ya fahimci cewa girman jikinsa shi ne abin barkwancin. Gillan, 'yar ƙasar Sikotilan, ta kama halin mai kunya da kyau, musamman yadda take naɗe hannu tana neman ɓoye kanta alhali jikin da aka ba ta na nuna isa ne. Kevin Hart ne nake da ja a kansa. Yana ba da dariya, babu musu, amma Kevin Hart yake yi, ba Fridge ba. Yaron da muka gani a makaranta mai nauyin baki ne, mai ji da kai, wanda ba ya yawan magana, sai ga shi a daji ya koma mai ihu da surutu irin wanda Hart ya saba yi a sauran fina-finansa. Sauran ukun sun ɓata cikin yaran da suke wakilta, shi kuwa yaron ne ya ɓata a cikinsa.

Wani abin yabo shi ne yadda aka mayar da ƙa'idojin wasan bidiyo abin dariya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem zai gane mutumin nan Nigel, mai tarbar baƙi a mota, wanda ba shi da wata magana sai wadda aka tsara masa, ko me ka tambaye shi ita zai maimaita da fara'a iri ɗaya. Kowane jarumi yana da jerin ƙarfinsa da rauninsa da ke bayyana a sarari idan ya dafa ƙirji. Na Johnson ba shi da rauni ko ɗaya, na Black shi kaɗai ke iya karanta taswira amma ba ya jure gudu, na Gillan dafi ne ajalinta, na Hart kuwa an rubuta masa cewa rauninsa shi ne gudu da ƙarfi da kek. Marubutan sun cika alkawarin kowane ɗayan waɗannan, domin kusan duk abin da aka nuna a jerin sai da ya yi aiki daga baya, har da kek ɗin, wanda Fridge ya ci a kasuwa bisa kuskure ya fashe nan take. Na biyar ɗinsu, matuƙin jirgi da Nick Jonas ya fito a matsayinsa, sauro ne rauninsa, kuma an shirya wannan ne domin Ba'amurke ya yi dariyar cewa ɗan ƙaramin ƙwaro zai kashe jarumi. A ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, wannan ne kaɗai rauni a jerin da ban ga abin dariya a cikinsa ba, na ma ɗauke shi mafi kama da gaskiya.

Maganar rayuka uku tana da fuska biyu. Zane uku ne a hannun kowa, duk mutuwa ɗaya sai zane ɗaya ya goge, mutum ya sake faɗowa daga sama. Amfaninta shi ne mai kallo yana iya lissafi da kansa, ya san wanda ya rage wa biyu da wanda ya rage wa ɗaya, kuma sau biyu an yi amfani da ƙa'idar cikin hikima. Na farko shi ne lokacin da sauro ya ciji matuƙin jirgin yana kan ransa na ƙarshe, Bethany ta hura masa numfashi, ran nata ɗaya ya koma jikinsa, wato yarinyar da aka san ta da son kai ta ba da abin da ba a sayensa. Na biyu shi ne a ƙarshe, inda Martha ta bari maciji ya sare ta da gangan domin ta mutu ta faɗo daga sama, ta miƙa wa Spencer dutsen a saman mutum-mutumin. Mutanen Kaltungo da ke jihar Gombe, inda ake da asibiti na musamman domin masu saran maciji, ba za su ɗauki saran kububuwa a matsayin dabara ba, amma a cikin dokar wasan abin ya zauna daidai.

Illar ita ce fim ɗin ya ɓata sa'a guda yana koya mana cewa mutuwa abin dariya ce. Dorina ta haɗiye Bethany, muka yi dariya. Fridge ya tunkuɗa Spencer daga kan dutse saboda fushi, muka yi dariya. Spencer ya rama ta hanyar jefa shi daga jirgi mai saukar ungulu zuwa gaban karkanda, nan ma dariya. To, da aka zo ƙarshe kusan kowa ya rage da rai ɗaya, sai aka bukaci mu ji tsoro, alhali an riga an cire mana shi. Babu wani lokaci da na yi zaton ɗaya daga cikinsu ba zai koma gida ba. Fim ɗin barkwanci yana iya rayuwa ba tare da fargaba ba, amma wannan ya kira kansa fim ɗin kasada ma, kuma rabin wannan alkawarin bai cika ba.

Babban raunin dai shi ne bos, wato Van Pelt, wanda Bobby Cannavale ya fito a matsayinsa. An ce mana mai binciken kayan tarihi ne da ya sace dutsen, ya samu iko a kan dabbobi, ƙasar ta faɗa cikin la'ana. Daga nan abin da muke gani kawai shi ne mutum mai baƙin kwalli a ido yana zaune cikin duhu, ƙwari suna shiga kunnensa, kunama tana fitowa daga bakinsa, ungulu tana kawo masa rahoto. Ba mu san abin da yake so ya yi da ikon ba, ba mu san abin da yake tsoro ba, kuma da wuya ya yi wata magana da yaran da za a tuna. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya da dare ya san cewa Dodo ma ba haka yake ba. Dodon tatsuniya yana da buƙata, yana ƙulla alkawari da mace a bakin kogi, yana dawowa neman cikawa, yana waƙa, yana fushi, kuma yana da wauta wadda Gizo ko wata ƙaramar yarinya za su bi ta ciki su kayar da shi. Tsoron da yake ba yara yana fitowa ne daga cewa ana iya magana da shi amma ba a iya amince masa. Van Pelt na 2017 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin takaicin shi ne fim ɗin 1995 ya riga ya nuna yadda ake yi. A can, ɗan wasa guda, Jonathan Hyde, shi ne ya fito a matsayin mafarauci Van Pelt, shi ne kuma ya fito a matsayin mahaifin yaron da wasan ya haɗiye. Ma'anar a fili take: abin da ke bin yaron da bindiga shi ne tsoron mahaifinsa mai tsanani, kuma ranar da ya tsaya ya fuskanci mafaraucin ita ce ranar da ya zama mutum. A sabon fim babu wata igiya da ta haɗa mugun da damuwar ɗaya daga cikin yaran huɗu. Za a iya cire shi a sa ambaliya ko gobara, labarin ba zai canza ba.

Masu kare fim ɗin suna cewa ai da gangan ne, domin haka mugayen wasannin bidiyo na shekarun 1990 suke, ba su da hali sai mugunta. Na ji wannan hujja, kuma ita ce nake ganin ta fi kowace nuna wayon marubutan da kuma kasalarsu a lokaci guda. Sun samo wa kansu uzurin da ke rufe kowace ɓaraka. Idan mugu ba shi da hali, a ce wasa ne. Idan 'yan baranda masu babura sun fito daga inda ba a sani ba, a ce mataki na gaba ne. Idan bayani ya yi tsawo, a sa Spencer ya ce ai haka wasanni suke yi. Amma yi wa rauni ba'a ba ya warkar da shi, domin mai kallo dai sai ya zauna ya kalli fitowar da ba ta da daɗi, ko da an riga an gaya masa cewa ba ta da daɗi.

Shi ma dajin haka yake. An ɗauki yawancin fitowar waje a tsibirin Oahu da ke Hawaii, wasu kuma a jihar Jojiya, kuma babu mai musun kyan tsaunukan nan masu kore shar da kwazazzabai da ruwa mai gangarowa. Sai dai kyau ne na hoton kalanda. An tara dorina da karkanda da giwa da baƙin macijin mamba, waɗanda duk na Afirka ne, an haɗa su da jagwa, wadda dangin damisa ce ta nahiyar Amurka, ba tare da wani tunanin yadda suke zaune a wuri ɗaya ba. Mu da muke da Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, gandun da aka keɓe tun 1956 kuma yake ɗauke da ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya, mun san cewa daji yana da tsari. Giwa tana da hanyar da take bi zuwa kogin Gaji da rani, gwaggon biri yana da lokacin da yake sauka neman abin sata a wajen Wikki, kuma shirun daji kansa yana da nauyi. Manoma da masunta na Dadin Kowa ba sa buƙatar a ce musu dorina tana haɗiye mutum ɗungurungum kafin su ji tsoronta, domin sun san abin da take yi wa kwalekwale da gonar shinkafa. Dabbobin fim ɗin kuwa na kwamfuta ne, suna bayyana idan an kira su, suna ɓacewa idan an gama da su, kuma a wasu wurare, musamman gudun karkanda a cikin kwazazzabo, ido yana gane cewa ba su da nauyi a ƙasa. Faɗan ƙarshe an yi shi ne da dare, kuma ina zargin duhun ya taimaka wajen ɓoye abin da hasken rana zai tona.

Mutanen ƙasar fa? An ce mana an la'anci Jumanji kuma yaran sun zo ceto, amma ba mu ga gari ɗaya da la'anar ta taɓa ba, ba mu ga gona da ta bushe ko iyali da suka yi hijira ba. Wurin da kawai aka nuna jama'a shi ne wata kasuwa da aka cakuɗa rawani da fitilu da kwanduna domin ta yi kama da ko'ina a Gabas ko Afirka, inda mai sayar da abinci da wani yaro mai karanto kacici-kacici ne kaɗai ke magana. Wannan tsohon salo ne na labaran Turawa masu yawon bincike, inda ƙasa take zama filin wasan baƙo mai kakin farauta, 'yan ƙasa kuma ado ne a bayansa. A cikin wannan salon ne kuma aka ba Hart aikin ɗaukar jakar makaman babban jarumi, abin da ya tuna mini da hotunan 'yan dako a bayan Turawan mulkin mallaka. Gaskiya ne fim ɗin ya san da wannan, yana barin Fridge ya yi ta ƙorafi a kai, kuma a ƙarshe iliminsa na dabbobi da hawansa giwa sun taimaka wajen nasara. Gaskiya ne kuma shi Johnson ɗin da ake ɗaukar wa jaka ba Bature ba ne, domin mahaifinsa baƙar fata ne, mahaifiyarsa kuma 'yar asalin Samowa. Duk da haka jakar tana bayan Hart daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma abin da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Saboda sunan fim ɗin da dabbobin da ke jikin hotonsa, iyaye da yawa suna ɗauka na yara ne, alhali a Amurka ma an sa shi a rukunin da ake gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. Akwai doguwar fitowa inda Bethany ke neman a koya mata yadda namiji yake kama ruwa, akwai wata inda take koya wa Martha yadda ake jan hankalin maza domin a shagaltar da masu gadi, akwai shan giya, akwai sumba. Shigar da aka yi wa Gillan, gajeren wando da 'yar riga a tsakiyar daji mai sauro, ta jawo suka tun lokacin da aka saki hoton farko a 2016, kuma amsar fim ɗin ita ce ya sa Martha ta yi ƙorafi a kan kayan da bakinta, sannan ya bar ta a cikinsu. Wannan ma irin uzurin nan ne da na ambata. Ba fim ba ne da mutum zai kunna a falo gaban iyaye ko surukai ya zauna lafiya, kuma wanda zai nuna wa ƙannensa ya kamata ya fara kallo shi kaɗai, ya san wuraren da zai tsallake.

Ɓangaren da na fi jin an yi asararsa shi ne na Alex, matuƙin jirgin nan, yaron da wasan ya haɗiye tun 1996. Yana zaune a wata bukka a kan bishiya, yana zaton watanni kaɗan ya yi, har sai da kalmomin da yake amfani da su da sunayen taurarin da yake ambata suka sa sauran suka gane cewa shekara ashirin ke nan. A farkon fim an nuna mana gidansu ya zama kango, mahaifinsa ya tsufa cikin baƙin ciki, yaran unguwa suna tsoron wucewa ta ƙofar. A nan akwai labari mai nauyi, wanda duk iyalin da suka taɓa neman ɗansu da ya ɓata za su gane, amma an ba shi 'yan mintoci kawai, kuma Nick Jonas, wanda mawaƙi ne tun asali, bai da ƙwarewar da zai ɗauki wannan nauyin a fuskarsa. Da aka gama wasan sai aka mayar da Alex shekararsa ta 1996, aka goge duk wahalar kamar ba a yi ba. Abin da ya ceci wannan ƙarshen shi ne gajeriyar haɗuwar da yaran suka yi da shi yana magidanci, a jikin Colin Hanks, inda ya gaya musu cewa ya sa wa 'yarsa sunan yarinyar da ta ba shi ranta. An yi wannan fitowar cikin natsuwa, ba kiɗa mai yawa, ba dogon jawabi, kuma ta fi darasin da shugaban makaranta ya karanto a farko kan cewa rai ɗaya mutum yake da shi, wanda aka sake maimaita mana kusan kalma da kalma a daji kamar ba mu ji ba. Haka ma batun haɗin kai, an nanata shi fiye da kima, alhali jerin ƙarfi da raunin nan ya riga ya nuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsawon fim ɗin ya kusa sa'a biyu, kuma tsakiyarsa, daga faɗowa daji zuwa tserewa a jirgi, ita ce mafi daɗi. Mintocin farko na makaranta suna tafiya a hankali da irin ɗaliban da aka saba gani a fina-finan Amurka, amma ba a iya yar da su, domin idan ba ka san yaran ba, kwaikwayon da manyan ke yi ba zai ba ka dariya ba. Saboda wannan dalilin ne ma nake ganin fassara za ta iya yi masa illa fiye da yadda take yi wa fim ɗin faɗa, tunda rabin aikin Black da Johnson a cikin murya yake, kuma idan aka ɗora wata muryar a kai sai gemu da damatsa kawai su rage.

Kashi na gaba, wanda ya fito a watan Disamba na 2019, ya nuna cewa masu fim ɗin sun san inda ƙarfinsu yake. Sun kawo tsofaffi biyu, Danny DeVito da Danny Glover, suka jefa su cikin jikin Johnson da Hart, kuma abin sha'awa, a nan ne Hart ya yi abin da bai yi a na 2017 ba, ya ajiye ihunsa ya ɗauki jan magana da sanyin tsoho har mutum ya manta da shi. An ƙara hamada da jiminai da tsaunukan ƙanƙara, an kuma kawo sabon bos mai gemu da sansani a kan dutse, wanda shi ma ya sace wani abin wuya mai daraja, kuma shi ma da wuya mai kallo ya tuna sunansa bayan an tashi.